Gasar awa 48: a yi wa sabon hannu gyara, kar a karya masa gwiwa

Jama'a masu karatu, wasannin nan da yaranku ke bugawa cikin salula ba daga sama suka faɗo ba. Mutane ne ke ƙera su bisa kwamfuta, kuma sana'a ce mai kawo kuɗi. Da yawa cikin masu wannan sana'a sun fara ne a wata gasa da ake ce ma gem jam: a tara matasa, a ba su batu guda, a ce su haɗa sabon wasa cikin awa 48.

Gasa biyu sun yi suna. Ludum Dare ta soma a 2002, Global Game Jam kuma a 2009. A shekarar 2020 ƙasashe 118 suka shiga wannan ta biyun.

Wasan kwana biyu ba ya rasa aibu. Shi ya sa a Ludum Dare, in an gama, kowa kan buga wasan ƴan uwansa, ya ba da maki, ya rubuta abin da ya gani. Wanda ya duba na mutane da yawa, shi ma sai a fi ganin nasa. Biki ne, ka yi mini in yi maka.

Ga misali. A 2013 wasu samari na Ostiraliya, cikinsu da Ari Gibson da William Pellen, sun haɗa wani ɗan wasa mai suna Hungry Knight. Bai samu karɓuwa ba. Ba su watsar ba, suka ɗauki jarumin wasan suka gina masa wani sabo, Hollow Knight, wanda ya fito a 2017. Zuwa 2025 an saida kwafi miliyon 15. Da sun yi zuciya tun farko, da wannan arziki ya wuce su.

To, yaya ake gyaran? Waɗanda suka daɗe a harkar sukan fara da faɗin abin da ya yi kyau, su ambace shi da sunansa: kiɗan ne ko zanen. Sannan su nuna inda suka maƙale, kamar a ce: “Na kai ƙofa ta biyu, ban gane maɓallin da zan danna ba.” Wannan magana tana gyaruwa. Amma “wasanka banza ne” ba ta koya ma kowa komi. Yabon ƙarya ma cuta ne. Kuma ba a jibga wa sabon hannu gyara goma. Guda ko biyu sun isa.

Ku ƴan kasuwa kun san wannan. Yaron shago da ya karkata ɗinki ranar farko, maigida na ƙwarai nuna masa yake, ba ya korar shi. Saboda haka Hajiya, Alhaji, ranar da ɗanku ko ɗiyarku ta miƙo salula ta ce “ni na haɗa wannan”, ku karɓa ku gwada, ku tambaye ta yadda ta yi. Magana zarar bunu ce, ku auna ta kafin ta fita.