Ko Kun Sani? Zomon da Ya Ƙi Cin Abinci

Ko kun san zomo ba ya amai, kuma hanjinsa ba ya hutawa? Idan ya yi awa 12 bai ci komai ba, hanjin na iya tsayawa cak, iska ta kumbura masa ciki, ya mutu cikin kwana ɗaya ko biyu. Haka abin yake ga chinchilla, ƙaramar dabba mai laushin gashi daga tsaunukan Andes na Kudancin Amurka.

Me ke hana zomo cin abinci? Wani lokaci zafi ne. A Sakkwato zafin Afrilu yakan haura digiri 40, alhali zomo kan fara galabaita tun daga digiri 30. Wani lokacin kuma haƙora ne. Ba sa daina tsiro, in babu harawa da ciyawar da za su riƙa cinye su, sai su soki kunci ko harshe.

Ku duba kashin zomonku. In ya ƙanƙance ko ya ɗauke, a mai da zomon inuwa, a ajiye masa ruwa mai sanyi da ɗanyen ganye, a garzaya da shi Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Kada a ɗura masa amoxicillin, yana iya kashe shi.