Motsa Jiki a Makaranta: Abin da Ya Kamata Iyayen Alabar Su Sani

Duk wanda ya san unguwar Alabar da ke Kumasi ya san fili ya yi wuya. Shaguna sun cika bakin titi, motoci da babura ba sa yankewa, ga cunkoson da ke malalowa daga kasuwar Kejetia. Yaron unguwar kan tafi boko da safe, ya dawo ya ci abinci, ya wuce makarantar allo ko Islamiyya, wani kuma ya tsaya taya uwa ciniki. Idan bai yi gudu a makaranta ba, da wuya ya samu inda zai yi.

Awa nawa ake bukata?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 na bukatar aƙalla minti 60 a rana na motsin da zai sa numfashinsa ya ɗaga, ya yi gumi. Binciken da ta fitar a 2019 ya nuna kashi 81 cikin ɗari na matasa 'yan shekara 11 zuwa 17 a duniya ba sa samun hakan, kuma abin ya fi shafar mata. Motsin yana ƙarfafa ƙashi da zuciya, yana gyara barci, yana taimaka wa yaro ya natsu a aji. Ba dole ba ne a yi awar a tashi ɗaya. Tafiya makaranta da ƙafa, wasan lokacin tara, da darasin motsa jiki duk ana haɗa su a lissafi.

Darasi ne, ba alfarma ba

Manhajar makarantun firamare da Ghana ta fara aiki da ita a 2019 ta sanya motsa jiki cikin darussa. Matsalar ita ce ba a rubuta shi a jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare. Shi ya sa idan jarrabawa ta matso, sai a ɗauke lokacinsa a ba lissafi ko Turanci, yara su wuni a kan benci. Iyaye na da damar tambaya a taron iyaye da malamai: wace rana ake fita motsa jiki, wa ke koyarwa, kuma ana fita da mata ko maza kaɗai ake ba ƙwallo?

In babu fili fa?

Rashin fili ba hujja ba ne. Ampe, wasan tafi da tsalle da 'yan matan Ghana suka gwanance a kai, ba ya cin wuri. Haka tsallen igiya, langa da gaɗa. Harabar makaranta ta ishe su idan aka raba yara rukuni-rukuni. Yarinya za ta iya yin wasa da hijabinta da dogon wando, a ware wa 'yan mata gefe da malama mace in iyaye sun fi son haka. A ba yara ruwan sha, a kauce wa tsakar rana, a kuma lura da masu asma lokacin ƙurar hunturu.

Kumasi ta san amfanin abin

Babban filin wasan birnin, inda makarantun sakandare ke gasar guje-guje duk shekara, sunan Baba Yara yake ɗauke da shi, ɗan wasan Asante Kotoko da ya rasu a 1969. Samuel Osei Kuffour, wanda ya ci Kofin Zakarun Turai da Bayern Munich a 2001, ya bi ta King Faisal, ƙungiyar da Alhaji Grusah ya kafa a Kumasi. Ba kowane yaro ne zai kai nan ba, amma kowane yaro na bukatar jiki mai lafiya da zai ɗauki karatun boko da na allo. Don haka idan ɗanka ya dawo da rigar makaranta ta yi ƙura, kafin ka yi faɗa, tambaye shi wane wasa suka yi yau.