Takunkumin kuɗi a Nijar: jari ya daskare, aiki ya biyo baya

Kwana huɗu bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, shugabannin ECOWAS da na UEMOA, ƙungiyar ƙasashen yankin masu amfani da sefa, suka ƙaƙaba wa Nijar takunkumi. Abin da ido ya gani shi ne iyakoki a garƙame, manyan motoci jere a Malanville da ke bakin iyaka a Benin, da duhun da ya mamaye Yamai bayan Najeriya, mai ba ƙasar kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinta, ta yanke wuta. Amma bugun da ya fi shiga jiki daga Dakar ya fito, hedikwatar babban bankin BCEAO. Can aka rufe asusun gwamnati, aka kuma soke takardun lamuni na sefa biliyan 30 da Nijar ta shirya sayarwa washegari.

Ƙasar da ke amfani da sefa ba ta da ikon buga kuɗinta. In aljihu ya yi rami, sai ta je kasuwar yankin ta ranto, galibi ma da sabon bashi take biyan tsoho. Da aka toshe wannan ƙofa, biya ya gagara. Zuwa Fabrairun 2024 bashin da wa'adinsa ya wuce ya haura sefa biliyan 300. Su wa ke bin bashin? Da yawansu bankunan kasuwanci ne, masu riƙe da ajiyar jama'a. Shi ya sa mai asusu ya riƙa wuni a layi, a ƙarshe a ƙayyade masa abin da zai cira daga kuɗinsa na kansa. Bankin da ke fama da masu ajiya kuwa ba zai saurari ɗan kasuwar Maraɗi mai neman rancen sarin kaya ba.

A Oktoban 2023 gwamnatin soji ta zabtare kashi 40 cikin 100 na kasafin shekarar, ga Bankin Duniya da Tarayyar Turai sun dakatar da tallafi. Ba mai mulkin da zai fara taɓa albashi ko kuɗin tsaro, don haka wuƙar ta sauka kan hanyoyi da azuzuwa. Kamfanin China da ke gina madatsar ruwan Kandadji ya tsayar da aiki tun a watan Agusta. Wannan asara ba ta da ƙara, ga ta da daɗewa: siminti na daskarewa a buhu, injin haƙa na tsatsa, ƙwararren injiniya na neman gaba.

Ta fuskar ƙwadago, alƙaluman rashin aikin yi ba su faɗin komai a nan, domin akasarin 'yan Nijar noma, kiwo da buga-buga suke yi, ba su da takardar sallama. Talaka ba ya zama. Sana'a yake sauyawa zuwa wadda ba ta kai ta da ba. Ɗan dakon da ke sauke tirela a Gaya, bakin iyakar Benin, ya koma lodin kwale-kwale buhu-buhu, guminsa ya ƙaru, kayan da ke ƙetare kogin iyakar suka ragu, farashin shinkafa ya hau.

Haɓakar tattalin arziki ta sauko zuwa wajen kashi 2 a 2023, ƙasa da yadda yawan jama'a ke ƙaruwa, wato rabon kowa ya ragu. Ba takunkumi kaɗai ya jawo haka ba, daminar ma ba ta kai ta 2022 albarka ba. Abin da ya hana durƙushewa baki ɗaya shi ne gero da dabbobi ba ruwansu da banki.

An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, Nijar ta koma kasuwar lamuni a Afrilu, amma masu ba da rance suka tsauwala kuɗin ruwa, suka fi son bashi mai gajeren wa'adi. Iyakar Benin kuma hukumomin Yamai da kansu suka ci gaba da rufe ta, kaya suka riƙa zagayowa daga Lome ta hanyar Burkina Faso cikin rakiyar sojoji, mai saye a kasuwa na biyan kuɗin doguwar hanya.