Kuɗin Gobe Ake Biya: Yadda Ake Yi Wa Mai Raba Ƙwallo Farashi

McLeansville ƙaramin gari ne a gabashin birnin Greensboro, cikin jihar Karolina ta Arewa a Amurka, kuma mazauninsa ba ya buƙatar doguwar tafiya kafin ya ga ƙwallon kwando na gaske. A Greensboro ƙungiyar Swarm take tun 2016, inda Charlotte Hornets ta gasar NBA ke tura yaranta su goge. Yamma kaɗan akwai Winston-Salem, mahaifar Chris Paul. A Charlotte kuwa Stephen Curry ya tashi. Yankin ya fitar da masu raba ƙwallo na ji da faɗi, ya kuma sha ganin ƙungiyoyi suna tafka asara wajen yi musu farashi.

A cikin 'yan wasa biyar da ke fili, mai raba ƙwallo, wato mai lamba ɗaya, shi ke ɗauko ƙwallo daga baya ya tsara hari. Daƙiƙa 24 kacal ƙungiya take da su ta yi jifa, kuma shi ke yanke shawarar wa za a ba, a ina, a wane lokaci. Galibi shi ne mafi gajarta a fili. Wannan ya sa auna shi ya fi auna kowa wuya, domin rabin aikinsa a makin wasu yake bayyana.

Abin da 'yan kallo suka fi riƙewa shi ne yawan maki, kuma shi ne ya fi yaudara. Devonte' Graham ɗan Raleigh ya shiga NBA a 2018 a matsayin mutum na 34 da aka zaɓa. Kakarsa ta farko tsakanin bencin Charlotte da filin Swarm na Greensboro ya yi ta, yana cin maki 4.7 a kowane wasa. Kaka ta biyu sai ga shi da maki 18.2 da taimakon ci 7.5, gari ya ɗauka. Amma a cikin kowane jifa 100 da ya yi, kimanin 38 ne suka shiga kwando, kuma ya cika shekara 25 a cikin kakar. Makin ya hau ne saboda babban tauraron ƙungiyar, Kemba Walker, ya tafi, ƙwallo ta koma hannunsa. A 2021 New Orleans ta ba shi dala miliyan 47 na shekara huɗu. Makin ya sauka, ya koma benci, a 2023 aka miƙa shi San Antonio. Graham bai yi wa kowa ƙarya ba. Ɗan wasa ne mai kyau wanda aka karanta alƙalumansa ba tare da an tambayi yadda aka same su ba.

Masu farautar 'yan wasa da suka san aikinsu sukan fara da wata tambaya daban: sau nawa yake zubar da ƙwallo kafin ya ba da wadda za a ci? Kowace ƙwallo da aka ƙwace a hannunsa hari ne da ya mutu ba a yi jifa ba, sau da yawa ma ta zama maki biyu na ɓagas ga abokan karawa. Wanda ke ba da taimakon ci biyu a kan kowace asara ɗaya ya yi daidai gwargwado. Chris Paul, mai tsayin mita 1.83, ya shafe shekara ashirin yana ba da kusan huɗu a kan ɗaya. A jerin waɗanda suka fi ba da taimakon ci a tarihin NBA, John Stockton kaɗai ke gabansa, haka ma a ƙwace ƙwallo. Duk da haka, a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2005 Atlanta, wadda ke matuƙar buƙatar mai raba ƙwallo, ta tsallake shi ta ɗauki Marvin Williams saboda tsayi da tsalle. Paul ya faɗa hannun New Orleans a na huɗu.

Akwai kuma abubuwan da sai an zauna an kalli wasa ake gani. Idan dogon ƙungiyarsu ya zo ya kange masa mai tsaronsa, yana karanta inda ƙofa ta buɗe ko kuwa ya riga ya yanke shawara tun daga nesa? Idan aka ja baya aka bar shi, yana iya jefa mai maki uku? In ba ya iyawa, masu tsaro za su taru ƙarƙashin kwando su toshe wa kowa hanya. Sannan a wasannin share fage na cin kofi, abokan hamayya kan nemi mafi gajarta su yi ta kai hari ta wajensa har sai kocinsa ya cire shi.

Duk wannan darajar yau ce. Inda ake samun babban saɓani shi ne gobe, domin kwantiragi ba ladan abin da aka riga aka yi ba ne. Mai sayen doki haƙora da ƙafafu yake dubawa, ba labarin sukuwar bara ba.

Kemba Walker shi ne ya fi kowa cin maki a tarihin Hornets. A kakar 2018/19 ya buga duk wasanni 82, yana cin maki 25.6, ya shiga jerin gwanayen gasar, abin da ya ba shi damar neman kwantiragin da ya kai dala miliyan 221. Ƙungiyar, wadda Michael Jordan ke mallaka a lokacin, ta yi masa tayin da bai ko kusa da haka ba. Ya tafi Boston a kan kimanin miliyan 141 na shekara huɗu. Magoya baya sun kira abin butulci, kuma na fahimce su, domin shekara takwas yana ɗauke da ƙungiyar a kafaɗarsa. Sai dai shekararsa 29, gajere ne, kuma kusan duk wasansa a kan saurin ƙafa da tsayawa kwatsam ya ginu. Gwiwarsa ta hagu ta fara ciwo tun a shekarar farko a Boston. A 2021 suka rabu da shi, ya ratsa ta New York da Dallas da Monaco, ya yi ritaya a 2024 yana da shekara 34. A lissafin kuɗi Charlotte ta yi daidai. Laifinta a wani wuri yake: tunda ta san ba za ta biya ba, da ta sayar da shi tun yana da farashi.

Kada mai karatu ya ɗauka duk wanda ya ji rauni an gama da shi. A kakar 2011/12 Curry wasa 26 ya buga cikin 66 saboda idon sawu, har aka yi masa tiyata. Golden State ta ba shi dala miliyan 44 na shekara huɗu, mutane suna cewa ta yi ganganci. A cikin wa'adin wannan kwantiragi ya zama gwarzon ɗan wasan gasa sau biyu, 2015 da 2016, ya jefa masu maki uku 402 a kaka guda. Bambancinsa da Walker shi ne shekara 24 gare shi, kuma makaminsa hannu ne. Shi ma Paul, a 2019 Houston sai da ta haɗa da haƙƙinta na zaɓen sababbin 'yan wasa kafin Oklahoma City ta karɓe shi a musayar Russell Westbrook, don ana ganin ya tsufa. Bayan shekara biyu ya kai Phoenix wasan ƙarshe na gasa, kuma a kakar 2024/25, yana da shekara 39, ya buga wa San Antonio duk wasanni 82. Wanda wasansa ya dogara da ido da jifa yakan daɗe. Wanda ya dogara da gudu, ranar da gwiwa ta gaza, shi ke nan.

Mu ma muna da namu a wannan sana'a. Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, da farautar 'yan wasa ba albashi ya fara a Orlando. Yana shugabantar Toronto ne ƙungiyar ta ɗauki Fred VanVleet a 2016, gajeren yaron da duk ƙungiyoyi 30 suka ƙi zaɓa. Da shi aka ci kofin 2019. Haka Gabe Vincent na tawagar D'Tigers ta Najeriya, shi ma ba a zaɓe shi ba, sai da ya bi ta ƙaramar gasa irin wadda Swarm ke bugawa, kafin ya ci maki 21 ranar da Najeriya ta doke Amurka 90 da 87 a Las Vegas a Yulin 2021.

Bayan kakar 2024/25 gardamar yankin Greensboro a kan LaMelo Ball take. Tsayinsa ya haura mita 2, an haife shi a 2001, yana ganin fili fiye da yawancin tsaransa, kuma a 2023 Charlotte ta ba shi kwantiragin shekara biyar na fiye da dala miliyan 200. A kakar 2024/25 yana cin maki 25 a wasa, amma kimanin jifa 40 cikin 100 ke shiga, kuma yana zubar da ƙwallo fiye da sau uku a kowane wasa. A kakanni uku a jere da suka ƙare da waccan, ya buga wasa 36, da 22, da 47, wato 105 cikin 246, yawancin rashin saboda idon sawu. A ganina shekarunsa da tsayinsa sun isa hujjar a ci gaba da haƙuri da shi, amma a ƙarshen waccan kaka Charlotte tana biyan cikakken farashin tauraro ne ga ɗan wasan da bai buga rabin wasanninta ba.