Yumɓun Da Aka Ɗora Wa Gadin Shekara 100,000

A tsibirin Olkiluoto na ƙasar Finlan, kamfanin Posiva ya haƙa Onkalo, rami mai zurfin fiye da mita 400 cikin dutse, domin binne sharar nukiliya. Za a rufe sharar cikin manyan gwangwanayen tagulla, a kewaye su da yumɓun bentonayit, wanda ke kumbura idan ya sha ruwa har ya toshe kowace kafa.

Wuyar aikin wa'adinsa: shekara 100,000. Babu ɗakin gwajin da zai jira haka, sai aka miƙa wa kwamfuta lissafin. Akan ba ta zafin gwangwani da gishirin ruwan ƙarƙashin ƙasa, ita kuma ta hasko yadda yumɓun zai sauya. Zafi mai tsanani, in ya haɗu da sinadarin fotasiyam, yana iya mayar da shi yumɓun da ba ya kumbura. Shi ya sa aka ƙayyade kada zafin ya kai digiri 100. Ruwan da ya jiƙa siminti ma yana cin sa.

Abin mamaki, har ruwa mai tsabta abin tsoro ne. Idan zamanin ƙanƙara ya dawo, ruwan da ya narke, marar gishiri, zai iya kwashe yumɓun ƙwaya-ƙwaya ta tsagogin dutse.