Mai Gida A Kan Taya: Ina Zai Kwana Idan Dare Ya Yi?

Da zarar rana ta yi gora a kan manyan hanyoyin Amurka, akwai wasu matafiya da tunani guda ke damunsu, watau inda za su aje mota su runtsa. Ɗakin kwana kam suna tafe da abinsu, gama motar tasu irin wadda Amurkawa ke kira RV ce, mai gado da murhun girki da makewayi da tankin ruwa, wata ma tsawonta ya kai ƙafa 40, kamar babbar safa. A shekarar 2021 ƙungiyar masu ƙera waɗannan motoci ta ce gidaje fiye da miliyan 11 ne suka mallake su a ƙasar. Abin da mai ita ya rasa shi ne ɗan filin da zai tsaya ba tare da an zo an ƙwanƙwasa masa ƙofa da tsakar dare ba.

Bisa ƙa'ida akwai zango na kuɗi, inda ake ja wa mota wutar lantarki da ruwa, a kuma ba ta ramin juye ƙazanta. To, amma kuɗin dare ɗaya yakan kai dala 40 ko 50, a wuraren shaƙatawa ma ya zarce 100, kuma da bazara zangunan gandayen gwamnati sukan cika tun watanni kafin ranar. Wanda sa'a takwas kurum yake so ya yi barci ya kama hanya da asuba, sai ya ga biyan wannan kuɗi ɓarna ce.

Wurin da ya fi shahara ga irin waɗannan matafiya shi ne farfajiyar kantunan Walmart, kamfanin da Sam Walton ya kafa a Jihar Arkansas a 1962. Kamfanin ya daɗe yana barin masu motar ɗaki su kwana a filin aje motocinsa kyauta, kuma ba don tsabar alheri kaɗai ba, don kuwa wanda ya kwana a ƙofar kanti da wuya ya tashi bai sayi burodi da madara ba. Sai dai izinin yana hannun manajan kowane reshe, gwargwadon yalwar fili da dokar garin. Saboda haka matafiyi mai hankali yakan buga waya tun yana hanya, ko ya shiga ya gaisa da manaja ya nemi alfarma, sa'an nan ya je can ƙarshen fili, nesa da ƙofar masu ciniki, ya tsaya. Gidajen abinci na Cracker Barrel da wasu kantunan kayan farauta na Cabela's su ma sukan yi irin wannan karamci.

Da yake abin alfarma ce, tana da ladubbanta. Ƙungiyar Escapees, wadda Joe da Kay Peterson suka kafa a 1978, ta tsara wa matafiya su a rubuce: a nemi izini, a kwana ɗaya tak, kada a buɗe rumfar mota, kada a fito da kujeru ko abin gashin nama, kada a kafa jak ɗin da zai lotsa kwalta, a yi ɗan sayayya, a kuma bar wuri ya fi yadda aka same shi tsabta. Mai karatu zai ce ai wannan ba sai an rubuta ba. Ashe kuwa sai an rubuta, domin an sha samun wanda ya zo kwana ɗaya ya share mako uku, ya shanya wanki, har ya juye ruwan makewayi a magudanar kanti. Kifi ɗaya ke ɓata ruwa. Rassa da yawa sun kafa allunan hana kwana, a wasu garuruwa kuwa majalisa ce ta hana, wani lokaci bisa ƙorafin masu zangon kuɗi da ke ganin ana janye musu ciniki.

Wanda kanti ya ƙi karɓa yakan nufi manyan gidajen mai na direbobin tirela, irin su Flying J da Love's, inda akwai haske da wurin wanka da abinci dare da rana. A nan ma da 'yar tsama. Doka ta wajabta wa direban tirela hutun sa'a 10 bayan ya yi tuƙin sa'a 11, kuma wuraren tsayawa sun yi musu kaɗan ƙwarai. A 2009 wani direba, Jason Rivenburg, ya rasa wurin tsayawa mai aminci a Jihar Karolina ta Kudu, ya raɓa a wani tsohon gidan mai da aka daina amfani da shi, ɗan fashi ya kashe shi a kan dala 7. Da sunansa aka yi dokar 2012 ta ƙara wa direbobi wuraren kwana. Don haka mai yawon shaƙatawa da ya tare gurbin tirela, lalle ya shiga haƙƙin wanda ke neman abinci.

Wuraren hutu na gefen babbar hanya kuwa, kowace jiha da tata doka. Kalifoniya ta yarda da sa'a 8, Tekzas har sa'a 24, wasu jihohin sun hana kwana ɗungum.

Inda mai motar ɗaki ke miƙe ƙafa sosai shi ne yammacin ƙasar. A can Hukumar Kula da Filayen Tarayya, wadda aka kafa a 1946, tana riƙe da eka wajen miliyan 245, filin da ya ɗara Nijeriya baki ɗayanta faɗi, galibinsa hamada da tsaunuka da makiyaya. A yawancin wannan fili mutum na iya sauka kyauta har kwana 14 cikin kowane kwana 28, daga nan ya ƙara gaba, a wurare da dama nisan mil 25. Babu famfo, babu lantarki, babu mai kwasar shara. Ruwan da ya shigo da shi da shi zai yi ta lallaɓawa, wuta kuwa daga faifan hasken rana ko janareta, kuma hayaƙin janareta ya sha halaka masu barci idan iska ta mai da shi cikin mota. Gandayen dajin tarayya ma kusan haka tsarinsu yake.

Garin Quartzsite na Jihar Arizona shi ne babbar matattara. A ƙidayar 2020 mazaunansa ba su kai 3,000 ba, amma da hunturu dubun dubatar motoci sukan cika hamadar da ke kewaye da shi, akasari na tsofaffin da suka guje wa ƙanƙarar arewa. Hukuma ta keɓe musu wurare inda, da takardar izini ta kuɗi, za su zauna daga 15 ga Satumba har 15 ga Afrilu.

Akwai kuma wata dabara da ta fito a 2010, ta kamfanin Harvest Hosts: mutum ya biya kuɗin shekara, ya riƙa kwana a gonaki da gidajen tarihi, da fahimtar cewa zai sayi wani abu wurin mai masauki.

Duk wannan lissafi na mai zaɓi ne. Bayan karayar tattalin arziki ta 2008, mutane da yawa sun koma cikin mota ne don kuɗin haya ya fi ƙarfinsu. Jessica Bruder ta bi sawunsu a littafinta Nomadland na 2017, wanda fim ɗinsa ya ci babbar kyautar Oscar a 2021. A idon ɗan sanda da tsakar dare, motar mai fansho da ta wanda ya rasa gida duk ɗaya suke, kuma dokokin da birane ke yi don korar na biyun sukan haɗa da na farkon. A watan Yuni na 2024 Kotun Ƙoli, a shari'ar garin Grants Pass na Jihar Oregon, ta yanke cewa birane na iya hukunta masu kwana a filayen jama'a. Wasu garuruwan sun bi wata hanya dabam. A Santa Barbara, tun 2004 wata ƙungiyar agaji take buɗe wa masu kwana a mota filayen majami'u da na ofisoshi da dare, a yi musu rajista, da safe kowa ya tada motarsa ya ba masu wuri wurinsu.