Ƙurar Tseren Dakar da Jirgin Zaure a Jiratawa

Wanda ya baro birnin Maraɗi ya nufi kudu, wajen Ɗan Isa da Jibiya, ba zai yi nisa ba sai ya iske Jiratawa a gefen Gulbi, garin da aka fi sani da gonakin noman rani da zogalen da ake ɗiba buhu-buhu zuwa kasuwanni. Kuma da za a ce mutum ya lissafa abubuwan da yake zaton gani a can, tun daga injin ban ruwa har amalanken shanu, ba na jin zai ambaci jirgin ƙasa, tun da yake har yau ba a taɓa jin kukan jirgi a faɗin jihar Maraɗi ba. Amma ni a can na fara ganinsa yana tafiya, a zauren wani dattijo tsohon bakanike, bisa wani faffaɗan katako da aka ɗora kan gangunan mai guda biyu, kansa bai kai tsawon tafin hannuna ba, yana jan taragu huɗu yana kewaya wani tudun laka, ga yaran unguwa sun yi cincirindo a bakin ƙofa babu mai ko tari.

A bangon zauren kuwa, sama da wannan jirgi mai tafiyar hawainiya, an lilliƙa hotunan motocin tsere da aka yanko daga tsofaffin jaridun Faransa, duk rana da ƙura sun cinye launinsu. Wannan gami ne ya sa ni tambaya, domin a zatona mai son gudu daban, mai son natsuwa daban. Sai dattijon ya yi murmushi ya ce, "Mushe, ai uwarsu ɗaya ubansu ɗaya." Na daɗe ina juya wannan magana, kuma kafin in faɗi inda na tsaya a kanta, ya kamata in warware wa mai karatu sha'anin kowannensu.

Tseren mota iri-iri ne. Akwai wanda ake yi a kan kwalta a kewayayyen fili, motoci su tashi tare su yi ta zagaye har a cika adadi, wanda mafi shahararsa shi ne Formula 1, da aka fara gasarsa ta duniya a 1950. A birnin Monako ma cikin titunan gari ake yinsa, zagaye 78, kowane zagaye kilomita 3 da 'yan kai. Akwai kuma wanda ake kira rali, inda ake sakin motoci ɗaya bayan ɗaya a kan hanyar daji, kowa yana tsere da agogo, a gefen direba kuma ga abokin tafiya riƙe da littafin hanya yana karanta masa kwana da rami da gada tun kafin ido ya gan su, har ya zamana ran direba yana rataye a harshen mai karatu, in ya yi tuntuɓen kalma ɗaya sai a kwana a kwazazzabo. Irin wannan ne ake yi a Kenya tun 1953 da sunan Safari, inda Peugeot 504, wadda duk ɗan Maraɗi ya san ta a tashar Katsina da ta Kano cike da fasinja da kaya har bisa rufi, ta ci gasar a 1975. A ƙasar Kwaddibuwa kuma aka yi wani na Bandama a 1972 wanda, saboda tsananin wuyarsa, ko mota guda ba ta kai ƙarshe ba.

Amma wanda ya shafe mu, mu mutanen Nijar, shi ne na hamada. Asalinsa wani saurayi ne Bafaranshe, Thierry Sabine, wanda ya ɓace da babur ɗinsa a 1977 cikin rairayin da ke tsakanin Nijar da Libiya, yana cikin wani tsere daga Abijan zuwa Nis. Allah ya yi da sauran kwanansa aka tsinto shi, shi kuwa maimakon ya yi tuba daga hamada, sai ya koma gida da niyyar ya jawo wasu su ɗanɗani abin da ya ɗanɗana. Ranar 26 ga Disamba 1978 ababen hawa 182 suka tashi daga Paris, suka keto Aljeriya, suka sauko Agadas da Yamai, suka bi ta Mali, ba su isa Dakar ba sai tsakiyar Janairu, saura 74 kacal. Daga nan abin ya zama na shekara-shekara, kuma Tenere ta zama zuciyarsa, Agadas ta zama zangonsa, inda Mano Dayak, wanda filin jirgin saman garin ke ɗauke da sunansa a yau, ya kasance cikin manyan masu yi musu jagora. Sabine kansa ajali ya cim masa ranar 14 ga Janairu 1986, sa'ad da jirginsa mai saukar ungulu ya faɗi a ƙasar Mali tare da mawaƙin nan Daniel Balavoine da wasu mutum uku, aka kawo tokarsa aka watsa a gindin wata bishiya tilo cikin Tenere, bisa ga al'adar da ba tamu ba.

Dattijon namu yana yaron gareji a Agadas a waɗannan shekaru, kuma abin da ya fi riƙewa a ransa shi ne daren zango: yadda ake kwance mota ɗungurungum bayan isha'i a ƙarƙashin fitilu, a canja mata ƙafafu da akwatin giya, kowane ƙarfe an jera shi bisa tsumma a muhallinsa, babu mai ɗaga murya, kafin kiran assalatu an mayar da ita kamar ba a taɓa ta ba. Gudun kuwa, in ji shi, ɗan kallo ba ya samun komai daga gare shi illa ƙara da ƙura, kafin ka ce wace ce ta wuce. Shi ya ba ni labarin da na tarar daga baya mashahuri ne, na shekarar 1989, lokacin da direbobin Peugeot biyu, Ari Vatanen da Jacky Ickx, suka yi wa kowa fintinkau har shugabansu Jean Todt ya ji tsoron kada su hallaka juna wajen takara, sai ya jefa kwabon faran 10 sama a garin Gawo, ƙuri'a ta faɗa kan Vatanen, aka umarci ɗayan ya sassauta. Dubi wannan al'amari: dukiya mai ɗimbin yawa, da injiniyoyi, da dubban kilomitoci, a ƙarshe kwabo ya yanke hukunci!

Ba zan ɓoye ra'ayina ba, wannan tsere yana da abin zargi. Malamanmu na fiƙihu sun san musabaƙa, wato tsere, har littafin Muhtasar ya keɓe mata babi, aka halatta ta a dawaki da raƙuma da harbi saboda fa'idar da ke cikinta, kuma mu ma nan ba baƙin sukuwa ba ne, wanda ya ga hawan salla a Maraɗi ko a Tibiri ya san haka. Amma mahayin da ya yi sukuwa a ƙofar fada ya san 'ya'yan wa ke gefen fili, alhali wanda ya keto ƙauye da gudun da ya wuce hankali bai san sunan ƙauyen ba balle na yarinyar da ta fito kallo. An yi asarar rayukan yara a Mali a 1988, an kuma yi a Gini da Senegal a 2006, ban da dabbobi da hanyoyin da aka farfashe. Masu otal da masu sayar da mai da maƙeran azurfa na Agadas sun amfana, wannan gaskiya ne, sai dai amfani ne na kwana biyu a shekara. A 1997 an yi tseren daga Dakar zuwa Agadas a koma. A shekarar 2000 kuma, da ayarin ya iso Yamai, sai aka ji tsoron hari a arewa, aka loda motocin cikin manyan jiragen sama aka tsallake da su zuwa Libiya, daga nan ba su sake tako ƙasarmu ba. An soke na 2008 gaba ɗaya bayan kisan wasu Faransawa a Muritaniya, aka kai shi Kudancin Amurka a 2009, sa'an nan Saudiyya tun 2020, yana can har yanzu da sunan Dakar, garin da ya daina gani. Dattijon yana bin sa duk watan Janairu a wayar jikansa, yana tsaki in an nuna rairayi, wai bai kai na Tenere ba.

To, jirgin fa? Wani Bature ne da ya yi aiki a gonakin ban ruwa ya bar masa shi a kwali lokacin da zai koma gida, ƙirar kamfanin Jouef na Faransa. A Turai wannan sha'awa tsohuwa ce, kuma ta manya ce masu furfura, ko da yake da sunan yara aka fara ta. Kamfanin Märklin na Jamus shi ya fito da ƙayyadaddun ma'aunan dogo a 1891, domin abin da ka saya bana ya dace da na baɗi, Frank Hornby kuma ya bi sahu a Ingila a 1920 da jirage masu wani irin na agogo. Ginshiƙin abin duka shi ne ƙiyasi. A ma'aunin da ya fi yaɗuwa, wanda ake kira HO, ana raba kowane tsawo na gaskiya gida 87 a ɗauki ɗaya, saboda haka faɗin dogo na milimita 1,435 sai ya koma 16.5, mutum mai matsakaicin tsawo ya koma santimita 2, jirgin da ke gudun kilomita 100 a sa'a kuma ya wajaba ya yi tafiyar da ba ta wuce santimita 32 a daƙiƙa ba, wato kimanin taki guda na ƙaramin yaro. Wanda ya sake shi ya fi haka, a wurin ma'abota wannan fanni, ya yi ƙarya ko da bai buɗe baki ba. Wuta kuwa ta cikin ƙarafan dogon nan biyu take bi ta shiga ƙafafun jirgin, shi ya sa ƙura ta zama babbar abokiyar gaba.

Na ga wannan da idona wata safiya cikin hunturu. Jirgin ya zo daidai bayan tudu ya tsaya cik, fitilarsa tana kyaftawa. Dattijon bai taɓa shi ba. Ya naɗe ƙyalle a ɗan yatsa, ya ɗiga masa fetur kaɗan, ya bi dogon yana shafawa a hankali kamar mai share allo, ya nuna mini baƙin layin da ya fito a ƙyallen, sa'an nan ya ɗaga kan jirgin ya hure ƙafafunsa, ya cire wani silin gashi da tsinken sakace, ya mayar, ya daidaita wayar da ke zuwa batirin babur da yake cajawa da farantin hasken rana. Sai ga shi ya motsa. A lokacin ne na gane maganarsa ta farko, domin hannun da ya jera ƙarafa bisa tsumma a daren Agadas shi ne wannan, kuma abin da ya ƙaunata a wurin masu gudu tun asali shi ne haƙurin waɗanda ba sa gudu. Hasali ma ba shi kaɗai ba ne: Riccardo Patrese, wanda ya shekara goma sha bakwai yana tseren Formula 1, an san shi da tara ƙananan jiragen ƙasa; a birnin Hambug na Jamus kuma, a gidan kallon nan Miniatur Wunderland da wasu tagwaye suka buɗe a 2001, wanda dogonsa ya haura kilomita 16, an ƙara sashen Monako a 2024, inda ƙananan motoci ke tsere da junansu a gefen jiragen.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a zauren shi ne ƙasar da ya gina wa jirgin. Gidajen Turawa masu jan rufi da suka zo cikin kwalin ya ajiye su gefe, ya gina soraye da rumbuna da laka, ya barbaɗa yashin Gulbi, ya kafa busassun rassa a matsayin gawo, ya ja magudanar ruwa da tsagin kara kamar ta fadamar garin. Mutum ko dabba kuwa babu ko ɗaya, domin ya ce ya tambayi malaminsa, aka ce masa surar abin da ba shi da rai babu laifi, mai rai kuwa gara a bar shi. Don haka tasharsa kullum wayam take kamar ana sallar Juma'a. Yaran da ke leƙe su ma ba baƙin sana'ar ba ne, kowannensu ya taɓa ƙera motar kara ko ta waya da ƙafafun tsohon silifa, illa dai su ba su san hisabin 87 ba, shi kuwa yana koya wa wanda ya nutsu a cikinsu da ma'aunin tela.

Akwai wani abu mai kama da zolaya cikin tarihin nan. Dogo ya iso Kano tun 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929 da Nguru a 1930, ya tsaya yana hangen iyaka. Gyaɗar Maraɗi ta yi shekaru ana kai masa ita a bayan raƙuma da manyan motoci. Wanda aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso aka gama a 2016 ya yi ta zama kwance, ba a yi jigila a kansa ba. Motocin tsere masu tsananin gudu sun zo sun wuce, jirgin da kakanninmu suka ji labarinsa bai iso ba. A watan Fabrairu 2021 ne aka ƙaddamar da aikin dogon Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, a hannun kamfanin Mota-Engil, da faɗin nan na milimita 1,435 wanda na zaure yake kwaikwayo. Na lissafa wa dattijon cewa in zai gina shi duka a ma'auninsa, sai ya nemi katako mai tsawon fiye da kilomita 3. Ya ce gara ma ba za ta bar shi ba, don ta riga ta cinye masa katako biyu.

Da zan tafi na lura da ɗan allon da ke kan tasharsa, an shafa masa farin fenti amma ba a rubuta komai ba. Na ce, "Baba, ba a sa wa tashar suna ba?" Ya ce da ya so ya rubuta Jiratawa, sai ya ga bai san inda na gaskiyan zai tsaya ba, kada ya riga masu aiki. Wani yaro daga bakin ƙofa ya ce a rubuta Dakar. Dattijon ya harare shi, ya miƙa masa ƙyallen, ya ce ya zo ya share dogon bayan tudu.